Juya Hayaƙi Ya Zama Mai: Ƙarfe Dillali Ne, Wuta Ce Mai Biya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare, kunnen jama'a ya buɗe ga duk labarin da ya ƙunshi mai mai arha. Yau a ce wani ya tayar da janareta da ruwa zalla, gobe a ce an ƙera injin da ke tatso fetur daga iska. Yawancin irin waɗannan labarai ba sa jure tambaya biyu. Amma akwai guda ɗaya da ya fi sauran wuyar turewa, domin tushensa gaskiya ne. Wasu masana a ƙasar Sin sun ɗauki dalmar matattun batura, sun haɗa ta da ruwan asid da wutar lantarki, sun juya iskar kabon dayoksaid, wato CO2, ta zama sinadarin da masana'antu ke saye da kuɗi. Masanan na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Huazhong ne da ke birnin Wuhan, kuma mujallar Nature ta buga aikin nasu a farkon 2024. Sai dai kafin labarin ya iso teburin mai shayi ya riga ya sauya kama. Sinadarin ya zama fetur, CO2 ta zama kowane irin hayaƙi, wutar lantarkin kuma ta faɗi a hanya, aka bar wa ƙarfen yabo shi kaɗai.

Faɗuwar wutar nan daga zancen ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin a kanta komai ya rataya. CO2 ita ce abin da ya rage bayan an gama ƙona mai, ko gawayi, ko gas. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na CO2, tare da zafin da ya kai kimanin yunit 9 na wutar da muke saye a mita. Zafin nan shi ya tura motar, kuma ya tafi, ba ya cikin hayaƙin. Duk wanda ke son ya mayar da hayaƙin nan mai, dole ya dawo da yunit 9 ɗin daga wani wuri, kuma a aikace sai ya biya ninki biyu ko uku saboda asarar da ke kan hanya. Babu ƙarfen da aka taɓa haƙowa, ko wanda za a haƙo nan gaba, da zai yafe wannan bashi.

To mene ne aikin ƙarfen? Masana suna kiransa katalis, kuma aikinsa irin na dillali ne a kara. Mai saniya yana tsaye, mai saye yana tsaye da kuɗinsa, amma ciniki ya ƙi faɗawa har sai dillali ya shiga tsakani, ya riƙe hannun wannan ya riƙe na wancan. Ba shi ya yi kiwon saniyar ba, ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba, kuma in an sallama yana nan yadda yake, sai ya juya ga ciniki na gaba. CO2 tana da taurin kai. Ƙwayarta a miƙe take, a ɗaure tam, ba ta son karɓar komai daga kowa. Ƙarfen ne ke kama ta a fuskarsa, ya lanƙwasa ta, ya miƙa mata elektiron ɗin da wayar lantarki ta kawo. Dillali nagari yana rage ɓata lokaci, yana rage asara, yana kuma iya karkata ciniki zuwa inda yake so. Amma in mai saye ya zo hannu Rabbana, dillalai goma ba za su sa a miƙa masa igiyar saniya ba.

Wanda ya fara jera ƙarafa ya ga halin kowanne shi ne Yoshio Hori na Jami'ar Chiba da ke Japan. Daga 1985 shi da abokan aikinsa suka yi ta tsoma ƙarfe bayan ƙarfe a ruwan da aka cika da CO2, suna sa wuta, suna auna abin da ya fito. Zinariya da azurfa da tutiya suna tsayawa a kabon monoksaid, iskar nan mai guba da ke kashe iyali in an kwana da janareta a cikin ɗaki, wadda kuma a masana'anta ake haɗa ta da haidirojin a yi metanol ko man jirgin sama. Kuza da dalma da zaiba suna ba da fomet, wato gishirin asid ɗin fomik. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinom ba su cika kula CO2 ba. Ruwan suke fasawa su fitar da haidirojin. Jan ƙarfe ne kaɗai ya wuce nan, ya ba da metan, ya kuma ɗaura kabon da kabon ya ba da etanol da etilin, wanda da shi ake yin leda da jarkoki da bututun roba.

Dalilin bambancin yana cikin ƙarfin riƙo. Zinariya tana sakin kabon monoksaid da zarar ta samu, tun kafin a ƙara mata komai. Filatinom yana ƙanƙame ta har fuskarsa ta toshe. Riƙon jan ƙarfe tsaka-tsaki ne, don haka ƙwayoyin suna daɗewa a kansa har biyu su haɗu, amma ba sa maƙalewa. Shekara arba'in ke nan ana neman wani ƙarfe tsantsa da zai yi wannan aiki, har yau jan ƙarfe ne a gaba. Wani abin sha'awa da ya fito daga baya shi ne, nikel ɗin nan da Hori ya samu ba ya kula CO2, in aka warwatsa shi ƙwaya ɗaiɗai a cikin garin kabon mai naitirojin, sai halinsa ya juya, ya shiga ba da kabon monoksaid kusan kamar zinariya, a farashin da bai kai na ƙurarta ba.

Yanzu sai maganar asid, wadda ita ce ainihin sabon abu a wannan fage. Shekaru da yawa masana gudun asid suke yi. Sun fi son ruwan da ke ɗaya ɓangaren ma'aunin tsami na pH, ɓangaren kanwa da ruwan toka da sodar masu yin sabulu, wanda ake kira alkalin, saboda a cikinsa haidirojin ba ya saurin fitowa ya cinye wuta. A 2018 ayarin Edward Sargent da David Sinton na Jami'ar Toronto a Kanada suka sa jan ƙarfe a cikin alkalin mai kaifi, suka samu kashi 70 cikin 100 na wutar da suka sa ta tafi wajen yin etilin. Sakamakon ya yi kyau a takarda. Amma akwai wata ɓaraka da ba ta fitowa a wannan adadi.

Duk elektiron ɗin da aka miƙa wa CO2 a irin wannan ruwa yana barin ƙwayar haidiroksaid ɗaya, wadda ita ke ba soda da ruwan toka kaifinsu. Haidiroksaid biyu kuma suna haɗiye CO2 ɗaya su mayar da ita kabonet, ɗan'uwan kanwa. Sai a yi lissafi. Yin kabon monoksaid ɗaya yana cin elektiron 2, don haka duk CO2 ɗaya da ta zama kaya, wata ɗaya ta zama kabonet. Rabi ya tafi. Etilin ɗaya yana buƙatar CO2 biyu da elektiron 12, wanda ke nufin CO2 shida sun salwanta a gefe. Kashi 75 cikin 100 na iskar da aka sha wahalar tarawa, aka tace, aka matse a tukunya, ta narke a ruwa ba ta zama komai ba. In ana son a dawo da ita sai an sake kashe makamashi mai yawa, a wasu hanyoyin har da gasa farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 900. A 2020 Joshua Rabinowitz da Matthew Kanan na Jami'ar Stanford a Amurka suka fito suka faɗa wa abokan sana'arsu a rubuce cewa makomar wannan fage gaba ɗaya tana kan warware matsalar kabonet, kuma duk sauran nasarorin da ake shela ba za su kai kasuwa ba muddin tana nan. Na ga wannan gargaɗi ya fi ƙirƙira da yawa amfani, domin shi ya juya akalar bincike.

Maganin kuwa kowace mai girki ta san shi, ko da ba ta san sunansa ba. In aka jefa kanwa a tukunyar yakuwa ko a ruwan tsamiya, kumfa ke tashi. Kumfar nan CO2 ce, tsamin ne ya fasa kabonet ya sako ta. Ainihin wannan haɗin ake so ya faru a cikin na'urar: in ruwan asid ne, duk kabonet ɗin da ya samu zai fashe nan take, CO2 ta koma wurin ƙarfe a sake gwada ta, ba abin da ya ɓata.

Amma asid yana zuwa da nasa rikicin. Abin da ya sa ruwa ya zama asid shi ne yawan furoton a cikinsa, kuma furoton ba ya jan ciniki. Karɓar elektiron ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, biyu na karɓa sai su haɗu su tashi a matsayin iskar haidirojin. Karar ta cika ke nan da masu cewa an sallama tun kafin a taya, ga kuma mai kaya ɗaya mai taurin kai a gefe, ba wanda ya waiwaye ta. In aka tsoma jan ƙarfe a asid mai kaifi aka sa wuta haka kawai, kusan dukkan wutar haidirojin za ta zama. Shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar cewa wannan hanya a rufe take.

Abin da ya buɗe ta ba wani ƙarfe mai tsada ba ne, gishirin fotasiyom ne, irin wanda manomi ke samu a buhun takin NPK. A 2021 Mariana Monteiro da Marc Koper na Jami'ar Leiden a Holan suka nuna cewa in babu irin waɗannan ƙwayoyin ƙarfe narkakku a cikin ruwan, to jan ƙarfe da zinariya da azurfa duk ba sa iya juya CO2 ko kaɗan. A shekarar ne kuma mutanen Toronto suka buga a mujallar Science cewa sun yi aikin a cikin asid mai pH ƙasa da 1, wanda ya fi ruwan lemon tsami kaifi ƙwarai, bayan sun zuba masa gishirin fotasiyom da yawa. Kashi 77 cikin 100 na CO2 da ta shiga ta zama kaya a wucewa ɗaya, kuma rabin duk abin da ya shiga ya zama etilin da etanol da furofanol. A 2022 ayarin Xile Hu na makarantar EPFL da ke Lausanne a Switzalan suka ƙara bayanin yadda abin ke faruwa, suka kuma gwada shi a kan kuza da zinariya da jan ƙarfe, kowanne ya ba da irin kayan da aka san shi da shi.

Yadda abin ke faruwa ya cancanci a tsaya a kansa. Fuskar ƙarfen tana ɗauke da cajin da ke janyo duk ƙwayar da ke da akasin cajinta, kuma furoton da fotasiyom duk irin wannan caji gare su. In fotasiyom ya yi yawa, shi ke riga zuwa ya jeru a jikin ƙarfen ya yi sahu. Shi ba ya karɓar elektiron a wannan yanayi, zamansa kawai yake yi, amma zaman nasa yana rage ƙarfin jan da furoton ke ji daga nesa, yana kuma tallafar CO2 a lokacin da ta lanƙwashe ta karɓi elektiron na farko, wanda shi ne mataki mafi wuya. Sannan in aka ƙara ƙarfin wuta, ɗan furoton ɗin da ke kusa yana ƙarewa da sauri fiye da yadda sabo ke isowa. Sai a wayi gari wani siririn shafi na ruwa a jikin ƙarfen, wanda kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, ya zama alkalin, alhali sauran ruwan duk asid ne. A cikin shafin nan CO2 ke samun sararin da take so. Kabonet ɗin da ya samu a wurin kuwa, da ya ɗan matsa sai ya ci karo da asid, ya fashe, iskar ta dawo. Yanayi biyu masu gaba da juna a cikin kofi ɗaya, kowanne yana aikin da ɗayan ya kasa. A wurina wannan ne ya fi komai kyau a cikin labarin, kuma shi ne ba ya taɓa isowa ga masu yaɗa shi.

Sai dai kowace ƙofa aka buɗe, wata ke rufewa. Fotasiyom ɗin da ya taru a jikin ƙarfe yana haɗuwa da CO2 ya daskare ya zama farin gishiri, ya toshe ƙananan hudojin da iskar ke bi, ruwa ya malale su, na'urar ta mutu cikin kwanaki. Ga kuma cin ƙarfe. Muddin wuta na gudana, cajin da ke kan ƙarfen yana kare shi, amma da an ɗauke wuta sai asid ya fara lasar jan ƙarfe da kuza da nikel. Wannan babbar matsala ce ga na'urar da ake fata ta yi aiki da hasken rana, wanda ke tafiya kowace yamma. Masu bincike suna bi ta hanyoyi da dama: wasu suna shafa wa ƙarfen wani tantani na roba mai caji a jikinsa don ya maye gurbin fotasiyom, wasu suna lulluɓe shi da kabon, wasu suna garwaya jan ƙarfe da faladiyom. A 2025 ayarin Haotian Wang na Jami'ar Rice a Amurka suka zo da wata dabara mai sauƙi. Ba su cika na'urar da asid ba, iskar CO2 suka bi da ita ta cikin ruwan asid kafin ta shiga, ɗan tururin da ta ɗauko ya hana gishirin daskarewa, na'urarsu mai azurfa ta yi fiye da sa'a 4,500 tana aiki.

A nan ne aikin Wuhan ya sami matsayinsa na gaskiya. Dalma ta saba da asid, a cikinsa take zaune shekara da shekaru a batirin mota, kuma tana daga cikin ƙarafan da haidirojin ke wuyar fitowa a kansu. Masanan sun yi amfani da waɗannan halaye biyu. Na'urarsu ta mayar da fiye da kashi 93 cikin 100 na wutar zuwa kayan da ake so, ta juya kusan kashi 91 na CO2 a wucewa ɗaya, a kan bolt 2.2, ta kuma yi fiye da sa'a 5,200 ba tsayawa, wato wajen wata bakwai. Ta jure kashewa da kunnawa. Babban ci gaba ne, kuma ya kamata a yaba. Amma akwai abu biyu da labarin ya zubar. Na farko, a ɗaya gefen na'urar iskar haidirojin suke zubawa, kuma wannan ne ya taimaka bolt ɗin ya sauko haka. Haidirojin ɗin kuwa sai an kashe wuta ko gas kafin a same shi. Na biyu, abin da ya fito asid ɗin fomik ne, wanda ba a zuba shi a tankin mota.

Asid ɗin fomik ba baƙo ba ne a Kano, ko da mutanen gari ba su san shi ba. Masana'antun jima na Challawa da Sharada suna daga cikin irin wuraren da ke amfani da shi wajen shirya fata da kama rini. A Turai ana zuba shi a ciyawar dabbobi don kada ta ruɓe, masu noman roba kuma suna daskarar da ƙaro da shi. Kaya ne mai daraja, amma kasuwarsa ƙarama ce: abin da duniya ke buƙata a shekara bai wuce kusan tan miliyan ɗaya ba. Ita kuwa CO2 da ake fitarwa daga ƙona mai da gas da kwal da yin siminti ta kai kimanin tan biliyan 37 a shekara. Ko da dukkan asid ɗin fomik na duniya daga hayaƙi aka yi shi, abin da zai ɗauke bai wuce hayaƙin da ake fitarwa a minti 15 ba. Shi ya sa idon masana ya fi karkata ga jan ƙarfe da etilin, wanda ake yin fiye da tan miliyan 150 nasa a shekara, duk da cewa hanyarsa ta fi wuya.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro a yadda ake yaɗa labarin batir ɗin nan. Mu ba mutanen da za a koya wa illar dalma ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba shi da illa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Yau ga matattun baturan sola da inbata suna taruwa a kowace unguwa, ana fasa su da gatari, a zubar da ruwansu a ƙasa, a narkar da dalmar a buɗaɗɗiyar tukunya kusa da inda yara ke wasa. A 2024 hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batura, amma duk mai zagayawa wurin 'yan gwangwan ya san takarda ba ta iso can ba tukuna. A irin wannan hali, duk maganar da za ta sa wani matashi ya ɗauka cewa zai iya haɗa injin fetur da mataccen batir a bayan ɗaki, maganar kisa ce. Mutanen Wuhan a ɗakin gwaji suka yi aikinsu, da kayan kariya da na'urorin zuƙe ƙura.

Wani ƙarfen da ba a cika ambata ba yana ɗaya gefen na'urar. In ba a so a zuba haidirojin daga waje, dole a fasa ruwa a samu furoton, a saki oksijin. A cikin alkalin, nikel da baƙin ƙarfe masu arha suna yin wannan aiki. A cikin asid kuwa narkewa suke yi, kuma har yanzu wanda ya fi jurewa shi ne iridiyom. Abin da ake haƙowa na iridiyom a duniya baki ɗaya bai kai tan 10 a shekara ba, mafi yawansa daga ma'adinan filatinom na Afirka ta Kudu, kuma masu ƙera na'urorin yin haidirojin sun riga sun yi layi a kansa. Asid ya ceci CO2 daga zama kabonet, amma ya ɗora wa na'urar ɗaya daga cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a doron ƙasa.

Ita kanta iskar ba daga sararin sama ake ɗebo ta ba. CO2 a iskar da muke shaƙa kashi 420 da ɗoriya ce cikin miliyan, ta yi yawa ga yanayin duniya, amma ta yi kaɗan ƙwarai ga na'ura. A yawancin gwaje-gwajen nan tsantsar CO2 ce daga tukunyar gas. Hayaƙin masana'anta kuwa yana zuwa da ƙura da oksijin da iskar farar wuta, waɗanda ke lalata katalis ko su sace wutar, don haka sai an tace shi tukuna, wannan ma da kuɗinsa.

Mu koma kan wuta, mu yi lissafin da ɗalibin aji ɗaya a sashen kimiyyar sinadarai zai iya yi. A ƙa'ida, juya CO2 da ruwa su zama etilin da oksijin yana buƙatar kimanin bolt 1.15. Na'urar Toronto ta 2021 ta yi aiki a bolt 4.2, fiye da ninki uku. A wannan bolt ɗin, ko da an ɗauka cewa babu elektiron ko ɗaya da ya ɓata wajen yin haidirojin, kilo ɗaya na etilin zai ci kimanin yunit 48 na wuta. In aka ƙona kilon nan zafin da zai bayar wajen yunit 13 ne. CO2 da ya ɗauke kuwa kilo 3 ne da 'yan kai. To a ce wutar daga tashar gas ta fito, kamar yadda mafi yawan wutar Nijeriya ke fitowa. Irin waɗannan tashoshi suna sakin kusan giram 400 na CO2 ko fiye a kowane yunit, wato yunit 48 za su saki wajen kilo 19. An fitar da 19 don a kama 3. Sababbin na'urori sun rage bolt ɗin, kuma za su ci gaba da ragewa, amma ko an sare kashi ɗaya cikin uku lissafin bai juya ba.

Wannan bai sa na raina aikin ba. Jirgin sama mai tafiya mai nisa ba zai tashi da batir ba nan kusa, kuma leda da fenti da magunguna dole sai da kabon a jikinsu. Ranar da za a rage haƙo mai, daga wani wuri kabon ɗin nan zai fito, kuma abin da ake koya yau game da jan ƙarfe da fotasiyom da asid shi zai yi amfani a ranar. Kamfanin Twelve na Amurka ya riga ya zaɓi garin Moses Lake a Jihar Washington don masana'antarsa ta man jirgi daga CO2, yankin da wutar madatsun ruwa ke da yawa da arha. Inda wuta mai tsabta ta wadata har ta yi rara, a nan wannan sana'a za ta fara tsayawa da ƙafarta. Jami'o'inmu ma suna da abin yi a ciki, domin na'urar gwajin ba ta fi tafin hannu ba, kuma kuzar da ke cikin jerin Hori ita ce aka yi shekara fiye da ɗari ana kwasa daga tsaunukan Jos ana fitarwa waje. Abin da malaminmu zai fi nema shi ne wutar da ba za ta ɗauke ba har gwajin sa'a dubu ya kammala.

Ga masu riƙe da baitulmali kuwa, waɗanda wata rana wani zai shigo musu ofis da hoton injin mayar da hayaƙi mai, ga ma'aunin da ya kamata su riƙe. Yunit ɗaya na wutar rana da ya kashe janaretan dizal a asibiti ko a gonar rani yana hana fitar kimanin giram 800 na CO2. Yunit ɗin nan in aka sa shi a na'urar etilin ta lissafinmu, abin da zai kama giram 65 ne, kuma ko an ƙara masa hayaƙin da aka tsira daga gare shi na yin etilin daga ɗanyen mai, ba zai kai ko kusa ba. A ƙasar da mutum fiye da miliyan 200 ke raba wutar da sau da yawa ba ta wuce megawat 5,000 a babban layi, duk faifan sola da gwamnati ta saya, asibiti da rijiyar burtsatse da makaranta ne suka fi cancanta da shi.